Rabon Asma'u a Lambu

Kai da ka buɗe littafin nan, ba naka ba ne, rufe shi. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yana ne, kun san abin da na koya muku a kan taɓa kayan da ba a miƙa muku ba. Idan kuwa na riga na mutu aka tsince shi a ƙasan akwati, to a karanta, amma kada a kai shi bakin rijiya a yi hira da shi, kada kuma wani ya ji tausayina. Na rubuta ne saboda hannuna ya fi bakina ƙarfin hali.

Litinin, 3 ga Maris 1975, bayan la'asar

Mun dawo da Malam, maigidana, daga asibitin birni. Ɗana Inuwa ne ya riƙo shi daga bakin titi zuwa ɗaki, 'yar tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, amma sau biyu suka tsaya. Kafin mu taso likita ya ja Inuwa gefe ya yi masa bayani da Turanci, a ganinsa matar da ke zaune a benci cikin lulluɓi ba ta ji. Shekara goma sha tara ina koyar da Turancin nan a firamare. Na ji komai. Ba zan rubuta ba.

Mata sun cika gida da sannu. Mai dubiya ya gaisa, ya yi addu'a, ya tashi. Ba a zama a gidan marar lafiya har a sauke tukunya. Na faɗa wa biyu daga cikinsu haka, sun fita suna kumbure-kumbure. Su kumbura.

Laraba, 5 ga Maris, hantsi

Luba ta fita lambu tun da sassafe, 'yarta Asma'u na biye da ita tana tsalle. Luba matar ɗana na fari ce. Ba na faɗin sunansa, ban taɓa faɗa ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka kuma ya kamata duk mace mai kunya ta yi da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Yana ƙarami ina ce masa “kai yaro”. Da ya girma na koma ce masa Mai Lambu. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa.

Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu aka kawo mu nan, ma'aikata sun zo da littafinsu, masu gida kaɗai suka rubuta. Gida da gona da fegin bakin ruwa, duk sunan Malam Gwadabe ne a kai. Fegin nan ƙaya ce da duwatsu. Mai Lambu ne ya sare ƙayar, ya kwashe duwatsun da kwando a ka, ya ja fangali, ya kafa jigo, ya dasa mangwaro tara. Ba wanda ya yi tunanin takarda. Ɗa yana aiki a gandun ubansa, me za a rubuta?

Tun a makaranta malamin addini ya koya mana: jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya cin gado muddin akwai ɗa namiji a raye. Inuwa yana raye, Allah ya ƙara masa kwana. Wato ranar da Malam ya rufe ido, Asma'u ba ta da ko fangali guda a lambun da ubanta ya yi da hannunsa. Hanya ɗaya ce ta rage, Malam ya yi mata wasiyya da bakinsa a gaban shaidu maza biyu, daga cikin sulusin abin da ya mallaka. Lambun bai ma kai sulusi ba. Maganar numfashi ɗaya ce.

Tun da Luba ta fita takaba, yayanta Adamu ya aiko sau biyu daga Dangora: in ba ta da abin riƙe kanta a nan, ta koma gida da yarinyar. Lambun nan shi ke riƙe su a gidan nan. Luba ba ta san hukuncin ba. Ban gaya mata ba.

Gobe zan yi wa Malam magana.

Alhamis, 6 ga Maris, azahar

Na kai masa kunu, na zauna, na shirya maganar a bakina. Sai ga Asma'u ta faɗo ɗakin ba sallama, ƙafa duk taɓo.

Malam ya ce, “Amaryata, yau ma ba tuwo? Anya ba zan sake ki ba kuwa?”

Ta ce, “Ka sake ni mana, tsoho. Wa zai auri mai tari?”

Ya yi dariya har tarin ya taso masa. Na kore ta, na ce ta je ta wanke ƙafa, ta kuma koyi sallama. Shekara biyar ba ƙanƙanuwa ba ce a wajen ladabi. Da ta fita ya bi ƙofar da kallo, ya daɗe. Na ɗauki kwanon na fito.

Shekara ashirin da bakwai ba mu taɓa zama ni da shi mun yi zancen yaron nan ba. Ko ranar da aka shigo da shi a tabarma, ban yi kuka a gaban mutane ba, kuma har yau ana ba da misali da ni.

Jumu'a, 7 ga Maris, magariba

Yau ma ban faɗa ba.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan la'asar

Baffa Mudi, ƙanin Malam, ya zo daga Kiru da kaza biyu da surutunsa. Na tare shi a tsakar gida, na kewaya masa maganar daga nesa. Na ce, “Baffan yara, mutum in yana kwance, ba ya kyautu ya shirya abin da zai bari?”

Ya dafe ƙirji. “Subhanallahi! Matar yaya, wannan ma a boko aka koya muku? Mutum yana ɗan tari kina auna masa likkafani? Ko kin ƙosa ne ki dawo hannuna?”

Na ce, “Allah ya kiyashe ni, gidan da ko tsintsiya babu.”

Ya ce, “To a bar kiran mutuwa. Wasiyya ai sai an ga alama.”

Wannan jahilci ne. Wasiyya ba ta kashe kowa, addini ma cewa ya yi a yi ta tun ana lafiya. Na faɗa masa haka da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ashe Malam yana ji. Ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, “Mudi, ta fi ka gaskiya. Ka dawo ranar Jumu'a, a kira mini Liman bayan an sauko.”

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ya sani. Malam ya yi karatu, ya san hukuncin ya fi ni. Shi zai faɗa da kansa, ba sai na buɗe baki ba.

Laraba, 12 ga Maris, azahar

Na je makaranta, na koyar da aji huɗu, ban san abin da na koyar ba. Na bugi wata yarinya a tafin hannu don ta ce ta manta littafinta. Mantuwa ba uzuri ba ce.

A hanyar dawowa na bi ta bayan masallaci kamar kullum. Ta fi nisa, amma ba a hango ruwa.

Jumu'a, 14 ga Maris, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Liman ya zo da tawada da takarda. Shi da Baffa Mudi da Inuwa suka zauna a ɗakin Malam. Ni ina bakin ƙofa bayan asabari. An jingina Malam da filo biyu, muryarsa tangaran, ya fi kowace rana ƙarfi.

Ya ce Alƙur'aninsa na hannu da littattafansa a kai masallaci. Ya ce akwai buhun irin dawa a rumbu, ajiyar wani maƙwabcinmu ne na tsohon gari da ya tafi Doguwa, a nemo shi a ba shi. Ya ce kada a cire 'yan matanmu biyu daga makaranta sai sun gama. Ya ce a binne shi a tudu, nesa da inda ruwa ke kaiwa da damina. Liman ya ɗaga alƙalami yana jira.

Ta tsakanin karan asabari ina ganinsa. Ya juya kai wajen ɗakin gabas, inda Luba da Asma'u suke kwana. Bakinsa ya motsa. Na ce a raina, yanzu. Sai ya juyo wajen ƙofa.

Ya ce, “Malama, ke ce mai riƙe abu a ka. Akwai abin da na manta?”

Maza uku suka waiwayo. Liman, da ƙanin mijina, da ɗan da na haifa. Ni da na shekara ina gaya wa mata cewa uwar kirki ba ta roƙa wa ɗan fari ko ruwan sha a gaban mutane.

Na ce, “Babu.”

Ya sake cewa, “Babu?”

Na ce, “Babu, Malam.”

Ya rufe ido. Liman ya karanta abin da ya rubuta, suka sa hannu, aka shafa fatiha. Baffa Mudi yana fita ya ce, “Kai, matar yaya, ke dai akwai kara. Wata ce da ta jero mana har da tukwane.”

Asabar, 15 ga Maris, azahar

Labari ya zaga. Matar Liman ta zo musamman ta ce irina sun ƙare a duniya.

Lahadi, 16 ga Maris, magariba

Ban ci komai ba. Na ce musu azumi nake.

Talata, 18 ga Maris, bayan la'asar

Luba ta fara cire albasa. Ta shigo da kwando a ka, gumi har wuya, tana murna. Ta ce, “Inna, kin ga kawunan bana? Kamar an hura. In Allah ya kai mu baɗi zan ƙara fangali uku na tattasai ta wajen jigo. Mangwaron gefen gabas ma har ya kai mini ƙirji.”

Na ce ta gyara ɗankwalinta, ba a ratsa gari da rabin kai a waje.

Ta gyara. Ta zaɓo manyan guda biyar ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Ba komai. Malam yana nan, Liman ma yana nan. Takarda ce, ana ƙarawa. Ranar Jumu'a zan sa a sake kiran su, wannan karon in gaya wa Malam tun da safe, mu biyu kawai.

Alhamis, 20 ga Maris, hantsi

Ya faɗi a hanyar bayi. Inuwa da wani maƙwabci suka ɗauko shi. Hannun dama ba ya ɗaguwa. Baki ya karkace.

Jumu'a, 21 ga Maris, magariba

Ba a kira kowa ba. Wa za a kira wa mutumin da ba ya magana?

Lahadi, 23 ga Maris, bayan la'asar

Da hantsi ya buɗe ido sosai, ya kalle ni irin kallonsa na da. Luba tana durƙushe tana ba shi koko da cokali. Ban jira ta fita ba. Na ce, “Malam, lambu. Yarinyar nan ba ta da gado. Ka ce nata ne.”

Luba ta tsaya da cokalin a sama.

Ya yi ta kokawa da harshensa. Da ƙyar na tsinci kalmomin. Ya ce, “Na zaci... ke za ki faɗa.” Ya huta. “Ni ma... ɗan fari ne... a wurina.” Hawaye ya bi gefen da ya karkace. Sannan ya ce, “Nata ne. Kira mutane.”

Inuwa ya bi mota zuwa Tudun Wada. Liman ya tafi Bebeji shirin Mauludi. Baffa Mudi yana Kiru. Na tura 'yan matan da gudu, na ce duk namiji baligi da suka gani su kawo shi. Kowa yana bakin ruwa, lokacin cire albasa ne. Ni kaina na fita ƙofar gida ba takalmi, abin da ban taɓa yi ba. Kafin a samo mutum biyu rana ta kusa tsaka.

Suka durƙusa suka kai kunne bakinsa. Leɓensa yana motsi. Na ce, “Malam, ga su. Faɗa musu.” Na ce, “Ku dubi idonsa, ai kun ga abin da yake nufi.”

Babban cikinsu ya ce, “Malama, ki yi haƙuri. Wallahi ba mu ji komai ba. Ba za mu ce mun ji ba.”

Gaskiyarsu ce. Da ɗalibaina ne da na yaba musu.

Talata, 25 ga Maris, magariba

Ana ta waƙen Mauludi a masallaci. Na gaya masa a kunne. Ban san ko ya ji ba.

Luba tana yin aikinta, tana gaishe ni safe da yamma, a durƙushe kamar kullum. Ba ta tambaye ni komai ba.

Alhamis, 27 ga Maris, azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. An kai shi tudu.

Asabar, 29 ga Maris, bayan la'asar

Sadakar uku. An yi gumba, an raba. Wasu sun zo gaisuwa da sabon zane da turare kamar gidan biki, na gan su, na kuma riƙe sunayensu.

Asma'u ta leƙa ɗakinsa ta fito ta ce, “Kaka, tsohon nan ya tafi bai sake ni ba. To yanzu ni ma takaba zan yi?” Mata suka yi dariya, wasu suka share ido. Na ce a fitar da ita waje.

Alhamis, 3 ga Afrilu, hantsi

Bayan addu'ar bakwai na sa aka tsayar da Liman a zaure. Ina takaba, daga bayan ƙofa na yi masa magana. Na gaya masa abin da Malam ya faɗa ranar Lahadin nan.

Ya ce, “Wa ya ji?”

Na ce, “Ni da Luba.”

Ya ce, “Malama, ban ƙaryata ki ba. Amma mata biyu ba namiji, ɗaya kuma uwar yarinyar ce. Ga takarda mai sa hannun maza, babu lambu a ciki. Ko gaban alƙali aka je, abin da zai ce ke nan. Sai dai in magada sun yarda don kansu. 'Yan matan ba su balaga da riƙon dukiya ba, ba mai ikon kyauta da rabon maraya. Saura Inuwa, sai ke da tumuninki.”

Na yi masa godiya. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Na san abin da ya haɗiye. Yana wurin ranar da aka tambaye ni.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan magariba

Na kira Inuwa ɗakina. Ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula. Na gaya masa komai, na ce ya bar wa 'yar ɗan'uwansa lambun.

Ya ce, “Inna, a gabana aka tambaye ki. Sau biyu.”

Na ce, “Na sani.”

“Ke kika koya mana mutum magana ɗaya gare shi. Ina ɗan shekara takwas kika hana ni tuwo don na ce na share zaure, daga baya na ce na manta. Yanzu wacce zan ɗauka, ta gaban Liman ko ta yau?”

Na ce, “Ta yau. Waccan kunya ce.”

Ya daɗe yana juya hular. Sannan ya ce akwai wani ma'aikacin ruwa a Tiga da ke son fegin, sun riga sun yi magana, shi mota yake so ya saya ya tsaya da ƙafarsa, ya gaji da zama yaron motar wani. Ya ce Asma'u 'yarsa ce, ba za ta kwana da yunwa ba muddin yana numfashi, ta zauna a hannunsa.

Na ce, “Uwarta fa? Ta zauna tana jiran ka auno mata? Lambun ubanta ne, Inuwa. Kai ka san wanda ya kwashe duwatsun nan.”

Sai ya ɗago kai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Na sani, Inna. Ni na san wanda ya shiga ruwa ya ciro gawarsa kuma. Kwana biyu ina nitso. Ke ba ki taɓa tambayata ba. Ba wanda ya tambaye ni. Kullum in na wuce na ga jigon nan yana ɗebo ruwan nan ana zuba wa albasa muna ci. Ni dai a sayar, in daina gani.”

Ya sa hularsa ya fita. Ban kira shi ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, asuba

Gaskiya ne. Ban taɓa tambayarsa ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, azahar

Zafi. Takaba zama ce. Ba makaranta, ba kasuwa, ba kwalli. Daga tabarma sai buta, daga buta sai tabarma. Ina jin ƙarar jigo daga nan in iska ta juyo. Luba tana ban ruwa har yanzu, ko da yake an gama albasa. Mangwaron take ba.

Tani, matar Inuwa, ta bar wa kaji tsakar gida. Na yi mata faɗa. Na yi wa 'yan matan faɗa a kan dariya. Na yi wa Asma'u faɗa ban san a kan me ba.

Jumu'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Adamu ya zo daga Dangora. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya yi mini gaisuwa. Ya ce ba gaggawa, sai an yi arba'in an raba, su ga inda aka tsaya. Ya kawo wa Asma'u takalmin roba ja. Ta kwana da shi a ƙafa.

Talata, 6 ga Mayu, magariba

Arba'in.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

An raba. Liman da Baffa Mudi da dattawa biyu a zaure, Inuwa a gefe, ni a bayan ƙofa. Aka fitar da abin da Malam ya yi wasiyya da shi. Aka zo kaina.

Na ce tumunina ba na so a gida, ba na so a gona, a yanka mini shi a lambu ta gefen gabas. Dattawan suka yi shawara, suka ce ya kama fangali shida da mangwaro huɗu. Inuwa bai musa ba. Na ce, “To ku shaida, ina cikin lafiyata da hankalina, na ba Asma'u kyauta, yau, ba sai na mutu ba. Uwarta ta karɓa mata. A rubuta.”

Liman ya tsoma alƙalami. Ya ce, “Asma'u 'yar wa za a rubuta?”

Baffa Mudi ya yi sauri don ya rufa mini asiri. “Bari in faɗa, ai ita ba za ta...”

Na ce, “Baffan yara, yi shiru.”

Na ji muryata kamar ta wata.

Na ce, “Habu. Abubakar ɗan Gwadabe. Ɗana ne, ni na haife shi. Shi ya sare wurin, shi ya dasa. Ku rubuta haka.”

Wani daga cikin dattawan ya yi gyaran murya. Liman ya rubuta, ya karanta, sunan ya sake fitowa daga bakinsa. Inuwa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗarsa tana rawa. Sauran lambun ya faɗa a rabonsa, jigon ma yana ciki.

Habu. Habu. Ga shi na rubuta. Harafi huɗu ne kacal.

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Luba ta shigo ta durƙusa, takardar tana ƙulle a bakin zanenta. Ta yi godiya. Ta ce fangali shida ba jigo ba za su ci da mutum biyu ba, na sani, ita ma ta sani. Gobe Adamu zai zo.

Na ce, “Ki bar mini yarinyar.”

Ta ce, “Inna, ita kaɗai gare ni.”

Ban sake roƙo ba. Ta miƙe, ta kai ƙofa, ta juyo. Shekara bakwai tana gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba sai yau.

“Inna, tun yaushe kika sani?”

Na ce, “Tun ranar da muka dawo daga asibiti. Tun kafin nan ma.”

Ta ce, “Da kin gaya mini. Wallahi da na ajiye kunyar a bakin ƙofa na shiga na faɗa wa Baba da kaina, a yi ta zagina a gari. Ni ba na neman a yabe ni.”

Ba ta faɗa da rashin kunya ba. Da ma da rashin kunya ta faɗa, da na sami abin cewa.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Sun tafi da hantsi. Ba ni da ikon raka su ko bakin titi, daga zaure na tsaya. Asma'u ta ce in ta dawo hutu in ajiye mata mangwaro. Na ce sai nan da shekara uku zai yi 'ya'ya. Ta ce, “To ki jira ni, kada ki bi tsohon nan.” Na ce ta riƙa sallama in za ta shiga ɗakin mutane.

Ɗakin gabas a share yake tas, ko tsinke ba ta bari ba. 'Yan matan za su riƙa kai wa itatuwan ruwa da tulu kafin in fita takaba. In na fita ni zan kai. Sai na bi ta hanyar da ake ganin ruwa, babu wata.

Da aka yi sallar azahar na tara su a tsakar gida, Inuwa da Tani da 'yan matan biyu. Ban yi musu wa'azi ba, na gaji da jin muryata. Doka na kafa, na ce muddin ina numfashi a gidan nan ita za a bi.

Duk wanda ya sare fili ko ya dasa itace, ko da ɗa ne a gandun ubansa, a rubuta sunansa a ranar, maza biyu su sa hannu. Duk wanda aka tambaya a gaban shaidu ko akwai abin da ya rage, ya faɗa, ko da gari duka zai ce ba shi da kunya. Kuma kowace mace a gidan nan, 'ya ko suruka, za ta kira ɗanta na fari da sunansa, da ƙarfi, a gaban kowa, tun yana iya amsawa.